Great Circle Mapper: ma'aunin nisan jirgi tsakanin gari da gari, da abin da ba ya faɗa maka

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kilomita kusan 3,420 ne. Wannan ce lambar da shafin Great Circle Mapper zai ba ka da zarar ka rubuta masa KAN-JED, kuma lissafinsa daidai ne, babu ha'inci a ciki. Amma duk maniyyacin da ya tashi daga Kano a Hajjin 2023 ya san ba a wannan tsawon aka kai shi ba. Giɓin da ke tsakanin lambar da shafin ke bayarwa da tafiyar da jirgi ke yi a zahiri shi ne abin da ya kamata mai amfani da shi ya fahimta tun kafin ya fara dogara da shi.

Shafin yana gcmap.com. Kyauta ne, ba ya neman rajista, ba ya neman lambar waya. Wani Ba'amurke mai suna Karl Swartz ne ya kafa shi a 1996, kuma kana buɗe shi za ka ga alamar shekarun a jikinsa: ƙananan rubutu, taswira a matsayin hoto guda wanda ba a jan sa da yatsa, ba a kuma zuƙo shi yadda aka saba a Google Maps. A waya sai ka yi ta buɗe yatsu kafin ka karanta jadawalin da ke ƙasan taswirar. Turanci zalla ne, babu Larabci, babu Faransanci, ballantana Hausa. Sai dai wannan tsufan yana da ranarsa. Shafin ba shi da nauyi, ba ya cin data, yana buɗewa a inda sabis ke rawa, inda manyan manhajojin bibiyar jirage za su tsaya suna ta juyawa.

Abin da yake aunawa shi ne gajeriyar tazara tsakanin wurare biyu a bisa doron duniya mai siffar ƙwallo. Mai son ya gani da idonsa ya ɗauki kankana da zare. Ya soka tsinke biyu a jikinta, ya ja zaren daga wannan zuwa wancan har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar da babu wadda ta fi ta gajarta. In aka feɗe ɓawon aka shimfiɗa shi a faranti, layin zaren zai fito a lanƙwashe, shi ya sa a taswirar bango hanyar jirgi daga Legas zuwa New York ko daga Dubai zuwa Los Angeles take kama da baka, alhali ita ce miƙaƙƙiya. Musulmi ya daɗe da sanin wannan lissafin ko da bai san sunansa ba, domin da shi ake fitar da alƙibla. Shafin zai nuna maka cewa jirgin Kano zuwa Jidda yana fara fuskantar digiri 68 daga arewa, kusan daidai da alƙiblar masallatan Kano, wato gabas ce mai karkata arewa. Dalilin nan ne kuma ya sa mai salla a New York yake fuskantar arewa maso gabas, wajen digiri 58, ko da yake a taswirar bango Makka tana ƙasa da shi.

Yadda ake tambayarsa

Shafin da lambobin filayen jirgi yake aiki, haruffan nan uku da ake gani a jikin tikiti da a takardar da ake liƙa wa jaka. Ka rubuta na farko, ka sa karan ɗori, ka rubuta na biyu: KAN-JED. In tafiyar mai yada zango ce, sai ka jera su: KAN-CAI-JED. In hanyoyi da yawa kake son gani a taswira ɗaya, ka raba su da waƙafi: KAN-JED,KAN-CAI-JED,KAN-ADD-JED. Yana kuma karɓar lambobi masu haruffa huɗu da matuƙa ke amfani da su, DNKN ta Kano, DNMM ta Legas, DNAA ta Abuja, OEJN ta Jidda. Hanya mafi sauƙi a waya ita ce a rubuta komai kai tsaye a layin adireshi, kamar haka: gcmap.com/mapui?P=KAN-JED&DU=km. Wancan DU=km na ƙarshe shi ne ke sa amsa ta fito da kilomita. In ka bar shi, da mil zai ba ka.

Nan ne kuskuren farko yake, kuma shi ya fi yawa. Mil iri biyu ne. Akwai na ƙasa, wanda shafin ke rubutawa mi, kilomita 1.609. Akwai na teku da sama, nm, kilomita 1.852, shi ne na matuƙa da kamfanonin ƙera jirage. Tafiya ɗaya ta Kano zuwa Jidda za ta fito 3,420 a kilomita, wajen 2,130 a mil na ƙasa, wajen 1,850 a na teku. Wanda ya ga 2,130 ya ɗauka kilomita ne ya riga ya zubar da fiye da sulusin tafiyar. Laifin shafin ne a nan, a ganina: ya ɗauka kowa Ba'amurke ne, ya sa mil a gaba, ya ɓoye wurin canjawa cikin tarin zaɓuɓɓuka.

Kuskure na biyu na lambobin ne, kuma shafin ba ya gargaɗi muddin abin da ka rubuta lambar wani fili ce a wani wuri a duniya. Mutanenmu sun saba taƙaita Abuja da Abj a saƙon waya. A harkar jirage ABJ Abidjan ce, Abuja kuwa ABV. Mai neman nisan Kano zuwa Abuja, kilomita kusan 365, in ya rubuta KAN-ABJ zai ga wajen 1,560. Madina MED ce, MAD Madrid ce ta Sifaniya. Katsina DKA ce, ba KAT ba, wadda wani ƙaramin fili ne can a New Zealand. Mafi ban dariya ga ɗan kasuwar Kwari: KAN Kano, CAN Guangzhou. Harafi ɗaya ya kuɓuce maka, CAN-JED ta ba ka kilomita wajen 7,530. Maganin abin shi ne a riƙa duba taswirar da sunayen da ke cikin jadawalin kafin a kwafi lamba. Sauran da ake yawan buƙata su ne LOS Legas, SKO Sakkwato, KAD Kaduna, MIU Maiduguri, YOL Yola, NIM Yamai, ZND Damagaram, MFQ Maraɗi, NDJ Njamena, ACC Accra. Garuruwa masu fili fiye da ɗaya kuma sai an tantance: Landan akwai LHR da LGW, Istanbul akwai IST da SAW.

In ka danna sunan fili, shafin zai buɗe maka bayaninsa: inda yake a ma'aunin taswira, tsayinsa daga teku, agogon da yake bi, da tsawon titin saukarsa. Ƙaramin abu ne amma yana da amfani, za mu dawo kansa.

Inda ya fi kowa

Ka ƙaddara mutum yana zaune a ofishin ejan a Kano zai tafi Umara. An juyo masa fuskar kwamfuta, ga tikiti biyu farashinsu kusan ɗaya, ɗaya ta Alƙahira, ɗaya ta Addis Ababa, kowanne da jiran awa uku. Ejan ya ce duk ɗaya ne, Alhaji. Ba ɗaya ba ne, kuma layi guda a wannan shafin zai raba gardama. Kano zuwa Alƙahira kusan 3,100, Alƙahira zuwa Jidda kusan 1,215, jimilla wajen 4,310. Kano zuwa Addis Ababa kusan 3,330, daga can zuwa Jidda kusan 1,410, jimilla wajen 4,740. Shafin da kansa yake haɗa jimillar, ya kuma nuna kashi nawa cikin ɗari ta ƙaru a kan miƙaƙƙiyar hanya: ta Masar kashi 26, ta Habasha kusan kashi 39. Bambancin kilomita 430 kusan rabin awa ne a sama. Ga matashi ba komai ba ne. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ko mai hawan jini, abin a saka a lissafi ne.

Wannan aikin na kwatanta zango shi ne babban abin da shafin ya iya, kuma yakan fito da abin da ido ba zai gani a taswirar bango ba. Ɗauki hanyar 'yan kasuwa, Kano zuwa Guangzhou. Miƙaƙƙiyar tazarar kusan kilomita 10,940 ce. Ta Addis Ababa tana komawa wajen 11,370, ƙarin kashi 4. Ta Alƙahira, wadda a ido sai ka rantse kwana ce babba zuwa arewa, wajen 11,090 ce kacal, ƙarin bai kai kashi 2 ba. Ta Doha kuwa ƙarin ko kilomita 10 bai kai ba, domin Doha tana zaune kusan a kan zaren. Wato a doguwar tafiya irin wannan, nisan ba shi ne abin dubawa ba, duk ukun kusan kunnen doki ne. Abin da zai raba su shi ne tsawon jira a zango, yawan kilo na kaya da aka yarje maka, da kuɗi. A gajeriyar tafiya irin ta Jidda kuwa zangon yana iya ƙara maka fiye da sulusi. Samun wannan fahimtar kaɗai ya isa dalilin ajiye adireshin shafin a waya.

Akwai kuma zanen da'ira. In ka ƙara R=2935nm@KAN a layin adireshi, zai zana maka iyakar inda jirgi mai zangon mil 2,935 na teku zai kai daga Kano. Wannan ita ce lambar da aka saba bayarwa ga Boeing 737-800, kilomita wajen 5,400. Jidda, Madina, Alƙahira, Doha da Landan duk suna cikin da'irar. Sai dai a yi hattara, lambar takarda ce. Jirgin da ya cika maƙil da alhazai masu dawowa, kowa da jakunkunansa na tsaraba, ba zai ɗauki man da zai kai shi ƙarshen da'irar ba, saboda akwai iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma duk kilon kaya da aka ƙara kilon mai ne aka rage. Zafi ma yana rage ƙarfin tashi, haka tudu. A nan bayanin fili yake shigowa: Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba, Addis Ababa ta haura mita 2,300, iskar can ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar doguwar gudu kafin ya ɗaga. Shafin zai ba ka tsayin, amma ba zai haɗa maka shi da da'irar ba. Kai za ka haɗa.

Wani amfani da mutane kaɗan suka sani shi ne na neman diyya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta ɗora yawan diyyar soke tashi ko dogon jinkiri a kan wannan miƙaƙƙiyar tazarar: yuro 250 in tafiyar ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 tsakanin 1,500 da 3,500, 600 in ta haura 3,500 zuwa wajen tarayyar ko daga can. Tana aiki a kan duk jirgin da ya taso daga ƙasar tarayyar, da kuma wanda ya nufi can in kamfanin na tarayyar ne. Ana aunawa daga inda aka fara zuwa inda aka nufa a ƙarshe, ba a haɗa kwanar zango. Duk tafiyar Najeriya ko Yamai zuwa Faris ko Frankfurt ta haura 3,500.

Inda yake ruɗi

Koma kan layin KAN-JED ka bi shi da ido. Ya ratsa Jigawa da Yobe, ya yanki kusurwar Nijar ta wajen Diffa, ya shiga Cadi ta arewacin tafki, ya faɗa Sudan ta arewacin Darfur, ya ƙetare kogin Nilu kusa da Dongola, ya fita Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Wajen kilomita 1,400 na tafiyar, kashi biyu cikin biyar, a samaniyar Sudan ake yin su. Kakanninmu da suka tafi a ƙafa ta Cadi da Darfur, wasu suka yada zango a Sudan har zangon ya zama gida, kudu kaɗan da wannan layin suka bi, don su ruwa da garuruwa suke nema.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ga jiragen fasinja, makonni kaɗan kafin fara jigilar alhazan shekarar. Abin ya shafi har saman Sudan ta Kudu, domin a lokacin daga Khartoum ake kula da jiragen da ke ratsa ta a can sama. Great Circle Mapper bai san an yi ba. Ranar 14 ga wata 3,420 ya ce, ranar 16 ma 3,420 ya ce, yau ma haka zai ce. Ba ya karanta sanarwar da hukumomin jiragen sama ke fitar wa matuƙa, ba ya sanin yaƙi, juyin mulki ko takunkumi.

Abin da za ka iya yi shi ne ka tilasta masa kewayen da hannunka, ka sa masa filaye a matsayin turaku ko da jirgin ba sauka zai yi a can ba. Kewaye ta arewa, ta saman Cadi, Libiya da Masar, KAN-CAI-JED ta kusa kwatanta shi: 4,310. Kewaye ta kudu, ta Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Yuganda, Kenya da Habasha, rubuta KAN-BGF-EBB-ADD-JED, wato Bangui, Entebbe, Addis Ababa: wajen 5,640, ƙarin kashi 65 cikin ɗari. Tafiyar awa huɗu da rabi ta koma kusan bakwai. Babban jirgi irin A330 yana shan mai wajen tan 6 a awa, ƙarin awa biyu da rabi kuwa tan 15 ke nan a zuwa kaɗai, ban da kuɗin ratsa samaniyar kowace ƙasa da aka ƙara, ban da lokacin aikin ma'aikatan jirgi da doka ta ƙayyade. Wanda ya yi wannan lissafin ba zai yi mamakin ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci da kamfanonin jigila suka nema a shekarar ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma mai jirgi da tan yake biyan shekarar.

Watanni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinsa a arewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta rufe samaniyarta ranar 6 ga Agusta, ba ta buɗe ba sai 4 ga Satumba. Layin Abuja zuwa Landan, kusan kilomita 4,770, ta tsakiyar Nijar da Aljeriya ya miƙe, don haka jiragen Turai suka koma kewayawa ta yamma. A shafin kuwa layin yana nan yadda yake.

Ko babu rikici, jirgi ba ya bin zaren daidai. Akwai titunan sama da aka shata daga wannan alama zuwa waccan. Akwai kwanar da ake yi bayan tashi da kafin sauka, gwargwadon inda iska ta sa aka fuskanci titi. Akwai wuraren soja da ba a ratsawa. Da damina matuƙi yakan kauce wa gangamin hadari da kilomita gommai. Da hunturu, in hazo ya rufe Kano ko Maiduguri, jirgi yana iya yin shawagi yana jiran gari ya washe, ko ya juya Abuja. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, tana da gyaran da take yi wa wannan giɓin in za ta lissafa hayaƙin da jirage ke fitarwa, kuma kowa zai iya aron sa: a ƙara kilomita 50 in tazarar ba ta kai 550 ba, a ƙara 100 in tana tsakanin 550 da 5,500, a ƙara 125 in ta wuce haka. Da wannan, Kano zuwa Abuja ta zama 415, Kano zuwa Legas daga 830 ta zama 930, Kano zuwa Jidda 3,520. Lura da yadda gyaran ya fi nauyi a gajeriyar tafiya: kashi 14 ne a ta Abuja, kashi 3 a ta Jidda.

Batun lokaci

Shafin yana da wurin sa gudun jirgi don ya fitar maka da awanni. Kada ka yarda da amsar yadda ta fito. Raba nisa yake yi da gudu kawai, kamar jirgin ya fara tafiyar kilomita 850 a awa tun daga bakin ƙofa. In ka ba shi Kano zuwa Abuja zai ce minti 26. Babu wanda ya taɓa yin ta a haka. Akwai turo jirgi baya, gangarawa zuwa titi, jiran izini, hawa sama na kusan minti 20 da gudun da bai kai na tsakiyar tafiya ba, sannan saukowa. Ƙiyasin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ka ɗauki tazarar da aka yi wa gyaran ICAO, ka raba da 800 ga ƙananan jiragen cikin gida ko 850 ga manya, ka ƙara minti 25 zuwa 30. Abuja ta fito kusan awa ɗaya, Legas awa ɗaya da minti 35, Jidda awa huɗu da minti 40 in hanya a buɗe take. In jirgin mai farfela ne, gudunsa tsakanin 500 da 650 yake, lissafin ya canja.

Iska ma ba ta cikin lissafinsa, ita ce kuma ke sa zuwa da dawowa ba sa yin daidai. Da sanyi akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka, tana tura mai zuwa Masar ko Saudiyya, tana tare mai dawowa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a saman yankinmu daga gabas take busowa, sai abin ya juya. Tazarar ɗaya ce, bambancin lokacin yana iya kai rabin awa.

Sai agogo, wanda ya fi iska ruɗa mutane. Lokutan da ke jikin tikiti kowanne na garinsa ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Tikitin da ya ce tashi ƙarfe 10 na dare a Kano, sauka 4:40 na asuba a Jidda, awa huɗu da minti 40 yake nufi, ba shida da minti 40 ba. A dawowa kuma sai ya yi kamar awa biyu da minti 40 ne. Guangzhou awa bakwai take gabanmu, Addis Ababa biyu, Accra tana bayanmu da ɗaya, Alƙahira ɗaya da sanyi, biyu da bazara tun da Masar ta dawo da canjin agogo a 2023.

In ka gwada shafin da wasu masu irin aikinsa za ka ga suna saɓawa da 'yan kilomitoci. Kada ya dame ka. Dalili biyu ne. Na farko, duniya ba ta mulmulu sarai ba, ta ɗan fi faɗi a tsakiya: kaurinta ta gabas da yamma kilomita 12,756, ta arewa da kudu 12,714. Wasu suna lissafi da ainihin siffar, wasu suna ɗaukar ta ƙwallo mai rabin kauri 6,371. Saɓanin ba ya kaiwa kashi ɗaya cikin ɗari, a Abuja zuwa Landan kilomita goma sha kaɗan ne. Na biyu, wasu daga tsakiyar gari suke aunawa, wannan kuwa daga fili zuwa fili. Filin Abuja ya fi kilomita 30 a mota daga tsakiyar birni. Makka ba ta da filin jirgi, daga na Jidda zuwa Harami akwai kusan kilomita 100 a ƙasa. Mai auna Jidda da Madina ma ya tuna da haka: KAN-MED kusan 3,560 ce, ƙarin 140 kawai a sama, amma tsakanin Madina da Makka akwai wajen 450 da za a yi a mota ko jirgin ƙasa.

Hukuncina a kansa: ga ejan, ga mai tsara jigilar kaya, ga malamin labarin ƙasa, ga ɗan jarida mai son ya tabbatar da lamba kafin ya buga, babu kayan aiki na kyauta da ya kai shi sauri da tsabtar lissafi. Ga matafiyin da ke son sanin ƙarfe nawa zai isa, ko nawa zai biya, ko ma akwai jirgin da ke bin hanyar, ba wurin zuwa ba ne. Zai zana maka Sakkwato zuwa Agadas da kyau kamar kullum ana tashi. Lambarsa ƙasan ma'auni ce: jirgi ba zai taɓa yin ƙasa da ita ba, amma kullum sai ya haura ta.

Don haka a haɗa shi da wani. Mai son awo na gaggawa tsakanin wuraren da ba su da filin jirgi, Google Maps yana yi: a kwamfuta ka danna dama a kan wurin farko ka zaɓi Measure distance, a waya ka danne wurin har alama ta fito sannan ka nemi wannan zaɓin a ƙasa. Shi ma da lissafin zaren yake aiki, sai dai ba ya haɗa zango da kashi cikin ɗari, kuma yatsa yana iya kauce maka da kilomita da yawa in ba ka zuƙo taswirar ba. Mai son ganin inda jirgi ya bi a zahiri kuma ya ɗauki lambar jirgin da ke jikin tikitinsa, haruffa biyu da lambobi, ya sa a FlightAware ko Flightradar24 ya duba tafiye-tafiyen kwanakin baya. FlightAware yakan jera nisan da aka yi a zahiri kusa da miƙaƙƙen, ka ga ratar da idonka. Flightradar24 na kyauta yana nuna tarihin kwana bakwai, wanda ya isa ka ga ko kewaye ake yi a wannan makon. Ka duba tafiya uku ko huɗu, kada ka tsaya a ɗaya, don wata ranar hadari ne ya karkatar da ita.

Su ma akwai inda ganinsu ya ƙare. Yawancin bayanansu daga na'urorin da ke ƙasa suke samowa, masu kama saƙon da jirgi ke watsawa, kuma irin waɗannan na'urori ba su da yawa a hamadar Nijar, Cadi da kudancin Libiya. In ka ga layin jirgin ya koma ɗigo-ɗigo a saman Sahara, ba hanyar da ya bi ba ce, cike gurbi manhajar ta yi tsakanin inda ta daina jin sa da inda ta sake kama shi.